Gishirin da Na Ɗauko wa Inna

Shekarar da nake aji huɗu a sakandare a Kano, maƙoƙon da ke wuyan Inna ya kai girman goruba. Ta daina zuwa biki, ko da rana tsaka sai ta naɗe wuya da mayafi. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. Gangar jikina ce kawai a aji, hankalina yana gida, a Gafasa.

Wata rana malamin kimiyya ya ce rashin sinadarin aidin a abinci ne ke kawo maƙoƙo. Can kuma ya ɗago wata kwalba a toshe gam, da farin gishiri a ciki, wai shi litiyam ayodaid, ya ce akwai aidin a jikinsa. Ya yi ta bayanin dalilin toshe ta haka, amma ina, tunanina ya riga ya yi gaba. Ko kalma ɗaya ban ji ba.

Ranar da za a ba da hutu na ɗebi cokali guda a ɓoye. Na ƙulle shi a takarda yadda muke ƙulle kanwa, na cusa a aljihun riga. Damina ce. Motar Gaya ta kafe sau biyu, daga can na taka da ƙafa, ina tafe ina dafa aljihu.

Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Inna, na kawo miki magani."

Na zaro takardar, sai na ji ta jiƙe sharkaf. Ba gishiri ba alamarsa, sai wani ruwa rawaya-rawaya da ya ɓata mini aljihu. Ashe danshin iska yake sha har ya narke. Na zauna a ƙofar ɗaki ina kuka, ƙato da ni.

"To ɗan nan, kukan na mene ne?" in ji Inna. "Cire rigar in wanke maka."

Da muka koma makaranta na kasa daurewa, na faɗa wa malam. Ya dafe kai. "Kai, ka gode wa Allah! Wannan ba na ci ba ne. Litiyam ɗin da ke ciki ƙara kumbura wuyan zai yi, in ma bai kwantar da ita ba."

Ban taɓa gaya wa Inna ba. Tabon ya ƙi fita, ita kuma ta adana rigar. Har ta rasu da maƙoƙonta, duk baƙuwar da ta zo sai ta ɗauko ta nuna mata: "Kin ga maganin da ya ɗauko mini tun daga Kano. Da ba don damina ba, ai da tuni na warke."