Mintin da Na Kai wa Inna

Shekara shida na yi ina naɗe minti a wani kamfani a unguwar Bompai ta Kano, kuma har yau in na ji ƙamshinsa raina ɓaci yake yi. Kamfanin yana da wata al'ada: duk ƙarshen wata ana raba wa ma'aikata mintin da inji ya farfasa, wanda ba zai sayu ba. Kowa da ledarsa. Abokan aikina 'yan Filato su kai wa yara, ni kuwa na mayar da shi tsarabar Inna, mahaifiyata, can ƙauyenmu a Jigawa.

Inna ta haura sittin a lokacin, amma haƙoranta cif suke. Da baki take ɓare rake. Ba ta san buroshi ba, sai asuwakin darbejiya safe da yamma, sannan goro a kunci kullum. Abin da ya tsone mini ido ke nan, jan goron nan. Na zauna a birni na ga masu fararen haƙora, sai kaina ya kumbura.

"Inna, ku bar goron nan haka," na ce mata. "Ga minti. Wannan icen ma ku jefar, ga buroshi da man goge baki, irin na mutanen birni."

Ta yi dariya ta ce, "To, likita." Ta kuwa bi maganata, abin da ban yi zato ba. Inda goro yake zama a kuncinta, nan minti ya koma, ta wuni da shi, ta yi barcin rana da shi. Man goge bakin ya ƙare cikin wata guda. A garinmu babu mai sayar da shi sai an je kasuwar mako, ni kuma ban sake tunawa da shi ba, amma ledar minti ban taɓa mantawa ba. Ba ta koma ga asuwakin ba, tunda ɗanta na Kano ya ce ƙauyanci ne.

Ni da nake shaƙar sukari kullum, da haƙorina ya fara kogo, adaidaita ɗaya na hau aka yi mini ciko na koma aiki. Ita da nata ya fara, wa zai duba? Asibitin garinmu ma'aikaci ɗaya ne, awon ciki da zazzaɓi ya sani. Ta cusa kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, wata maƙwabciya har ruwan batir ta kawo mata. Shekara biyu tana ɓoye mini, wai kada ta ɗaga mini hankali. Sai da kuncinta ya kumbura ƙanwata ta bugo waya.

Na kawo ta Kano. Likitan haƙori ya leƙa bakin ya daɗe, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, me Mama take ci haka? Mutanen karkara ba su cika zuwa da irin wannan ba. Wannan aikin zaƙi ne."

Inna ce ta ce, "Ai ɗana ne yake kula da ni." Da alfahari ta faɗa, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Turamen haƙori huɗu aka cire mata cikin mako biyu, duk a gefen da take ajiye mintin.

Da ta warke na raka ta tasha. Mai rake ya zo wucewa, na saya mata kamar yadda na saba tun fara aikina. Ta karɓa, ta kai baki, ta tsaya. Ta juya shi ɗaya gefen, can ma haƙoran suka kasa, ta sake tsayawa. Sannan ta miƙo mini.

"Ka ce masa ya yayyanka mini ƙanana," in ji ta.