Kaurar Baba Ɗantani

Mahaifina, Baba Ɗantani, mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, kuma in ka cire salla babu abin da ya ɗauka da zafi a duniya kamar irin dawarsa. Kaura ce, rawaya, mai gajeren wuya, wadda ya gada wajen kakanmu. Duk kaka, kafin a fara girbi, shi kaɗai zai shiga gona ya bi kunya-kunya yana zaɓen zangarniyar da za a ajiye don shukar baɗi. Ya ɗaure su dami guda, ya rataye a ɗakinsa saman gado, kuma ba mai taɓawa. Innarmu, Allah ya jiƙanta, ta taɓa sauke damin nan don ta share yanar gizo, sai da ya kwana biyu bai ci tuwonta ba.

Ba ya koya wa kowa. In an tambaye shi yadda yake gane mai kyau, sai ya ce, "Ido ne." Shi ke nan, karatu ya ƙare. Ni Taibatu tun ina ƙarama nake son in bi shi, amma da yake mace ce ni, aikina in kai fura bakin gona in juyo. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ƙanena Sufyanu yake jira ya girma. Sufyanu kuwa ya girma ɗin, ya tattara ya koma Talata Mafara ya buɗe shagon gem a ƙofar gidansa, inda samari ke taruwa suna buga ƙwallo a talabijin. Baba bai taɓa kiran wurin da sunansa ba, sai dai ya ce "wajen shiriritar nan".

Da ɓarin jikinsa ya shanye, hanyar Faru kuma ta daina lafiya, muka ɗauko shi muka kawo shi gidan Sufyanu, inda nake zaune tun rasuwar mijina. Gona ta koma hannun Muttaka, ɗan wan Baba, magidanci mai ƙwazo da tsoron Allah. Sai dai ƙwazo daban, ido daban. Shekarar farko Muttaka ya zaɓi iri yadda kowa zai zaɓa, wato mafi girman kai. Da aka shuka, burtuntuna ta cinye kusan rabin gonar, cutar nan da ke mai da ƙwaya baƙin gari. Baba ya ji labari ya juya fuska bango. Da na matsa masa ya ce, "In aka sake yin haka bana, kaurar ubana ta tafi ke nan."

Kaka ta matso, dawa ta nuna, Muttaka na jiran umarni. Ya ɗauki bidiyon gonar ya turo ta waya. Haba, wane bidiyo! Kafin ya iso hoton ya dagule, ba ka bambance zangarniya da tsumma. Ga fuskar waya ƙarama, ga yanar ido ta fara rufe idon Baba. Ya kai wayar har kan hancinsa, ya miƙo mini ita.

Sufyanu ne ya ce a bar masa. Na ce, "Kai da ba ka san dawa ba sai a tuwo?" Ya yi dariya, don ya saba da bakina. Ya kira Muttaka ya ce ya ari waya mai kyamara mai kyau, ya bi gonar a hankali da hantsi, ya nuna kowace dawa daga gindi har kai, waɗanda yake ganin sun yi ya ɗaura musu tsumma. Kada ya turo ta waya, ya ciro memorin wayar ya ba ɗan kabu-kabu mai zuwa kasuwar Talata.

Memori ya iso. Sufyanu ya juye shi a babbar kwamfutar shago, wadda ba ta ɗaukuwa saboda da ita ake aiki. Ya cire talabijin ɗinsa mafi girma da akwatin gem guda ya kawo ɗakin Baba. Ya yi mini bayani cewa akwatin zai janyo bidiyon daga kwamfutar ta wayifai ɗin gida, tangaran yadda aka ɗauka, ba ruwansa da sabis na waje. Baba ya bi akwatin da harara.

"Mi wanga abin shiririta ke yi ɗakina?"

"Gona zai kai ka, Baba," in ji Sufyanu.

Gwajin farko ya ba mu kunya. Hoto ya fito, ya yi taku biyu ya sandare, ya sake motsi ya sandare. Ashe katangar ƙasa ce mai kauri tsakanin shago da ɗakin ta tare wayifai ɗin. Baba ya ja tsaki ya ce a fitar masa da tarkace. Sufyanu bai yi musu ba, ya tafi kasuwa ya sayo doguwar kebul, ya jawo ta daga shago ta saman katanga, ta ratsa tsakar gida, ta shiga ta tagar Baba. Ni kuwa da na fito da wanki na ga sabuwar igiya, na shanya zannuwana a kai. Ranar Sufyanu ya rama duk faɗan da na taɓa yi masa.

Bayan la'asar aka kunna. Gonar Faru ta shigo ɗakin nan gaba ɗaya, har tururuwar da ke hawa kara kana gani. Ga gawon da ke tsakiyar gona, ga surin da muke hawa muna yara. Baba ya ce a tashe shi zaune. Na jingina shi da filo, ni kuwa sai da na share ido da gefen mayafi.

"Tsaya nan," ya ce. Sufyanu ya danna, hoto ya tsaya. "Koma baya." Ya koma. Da abin ya yi yawa Sufyanu ya ɗora masa hannun gem ɗin a cinya, ya nuna masa maɓallin tsayarwa da na komawa. Tsohon da ya rantse ba zai taɓa abin nan ba, sai ga shi da babban yatsansa na hannu mai lafiya yana dannawa.

Aka zo kan wata ƙatuwar zangarniya da Muttaka ya ɗaura wa jan tsumma. Baba ya ce a'a. A gona da sai ya wuce ta kawai, amma nan dole ya faɗi dalili, tunda ni ce ke riƙe da waya ina gaya wa Muttaka. Ya ce in duba maƙwabciyarta, akwai baƙin gari a kanta, duk wadda ta tsaya kusa da mai burtuntuna ba ya yarda da ita. Wata ya ƙi ta don ƙuduji, ciyawar nan mai shanye dawa, ya fito a gindinta kuma ta nuna wahala. Wata ƙarama, wadda ko tsumma ba a sa mata ba, ya ce ita, don kanta a cike yake a matse, wuyanta bai lanƙwashe ba, ganyenta na ƙasa kuma har yanzu kore ne. Na riƙa cewa, "Muttaka, ta bayan suri, mai jingine da ta jan tsumma." Samari suka kira Sufyanu shago ya fita, aka bar ni da Baba. Abin da ya hana kowa tsawon rayuwarsa, ranar ya zazzage mini shi, bai ma lura ba.

Irin ya yi kyau. Daminar da ta biyo burtuntuna ba ta yi ɓarnar kirki ba, kuma kafin shuka, damin da aka kawo daga Faru ya zauna saman gadon Baba kamar kullum.

Da kaka ta zagayo yanar ta gama rufe idonsa, likita kuma ya ce jikinsa ba zai ɗauki aikin ido ba tukuna. Memori ya iso, Sufyanu ya haɗa komai, kebul na nan inda take. Baba ya zauna gaban talabijin da hannun gem a cinya, ya daɗe yana fuskantar hasken. Sannan ya lalubo hannuna ya damƙa mini shi.

"Ke duba, ɗiyata. Ni ban ganin komi."

In na kuskure, a hannuna kaurar kakanmu za ta mutu. Na tsayar, na koma baya, na sake tsayarwa, har Muttaka ya ce kunnensa ya yi zafi da waya. Baba bai sa mini baki ko sau ɗaya ba.

Ranar Talata ɗan kabu-kabu ya kawo damin. Na kwance shi a kan tabarma gaban Baba. Ya bi zangarniyar ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, ya shafa wuya, ya matsa kai, ya sunsuna, ya ciri ƙwaya ya fasa da haƙori. Da ya gama ya ce in ɗaure. Na ɗaure, na jawo kujera zan hau in rataye a ƙusar da ke saman gadonsa. Ya ji ƙarar kujerar.

"Ba nan ba," ya ce. "Kai shi ɗakinki."