Yadda Muka Fitar da Baba daga Madina

Baba ba ya kwana a wajen Madina. Duk wanda ya san gidanmu a unguwar Ƙurban ya san wannan. Tun da ya fara manyanta ya yanke wa kansa hukuncin, kuma bai taɓa ɓoye dalili ba: a Madina yake son ya cika. Ba wai a kawo gawarsa daga wani wuri ba, a'a, ransa ya fita a cikin garin Manzon Allah, saboda falalar da malamai suka faɗa ga wanda ya samu haka. Kakanmu a ƙasa ya tako tun daga ƙasar Kano, ya ratsa Cadi da Sudan yana yi wa mutane tsinkar auduga yana tara guzuri, duk don wannan abu guda, kuma Allah ya ba shi. Baba yakan ce shi da aka haifa a ciki, in ya fita ai wautarsa ta fi ta kowa.

Shagon dabino gare shi kusa da Masallacin Ƙuba. Da ƙuruciya da kansa yake zuwa Khaibar sayo kaya, daga baya ya daina, sai dai a kawo masa. In biki ya taso a Jidda, ya ba da gudummawa ya ce a gaishe su. Umara kaɗai take fitar da shi, ita ma da ya sauke harami yake neman motar gida. Mukan yi masa tsiya mu ce, Baba, kai da Madina kamar an ɗaura muku aure. Ya ce an ɗaura, kuma babu saki.

Yayana ne ya shigo mana da zancen ƙasar Holan cikin gida. Ya je hutun bazara shi da matarsa, ya dawo ya hana kunnuwanmu sakat. Gari ne a kan ruwa, in ji shi, gidaje sun jeru a bakin kogi kamar an zana su, kowa a kan keke, ga wani ƙauye da babu titi ko ɗaya sai dai kwalekwale. Ga sanyi, alhali mu a nan ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Yaya mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, amma in abu ya burge shi, to dole kowa ya gani, ko ana ha-maza ha-mata. Da shekara ta zagayo sai ya ce wannan ijazar, wato hutun bana, duk gidan za a tafi, har da Baba.

Ranar Juma'a ce, mun kewaye faranti muna cin shinkafa, ya ɗauko zancen.

"Baba, 'yan kwanaki ne fa. Ka sha iska, ƙirjin nan naka ya huta da zafi."

"Ku je ku dawo lafiya," in ji Baba. "Ku kawo mini labari."

Na ce, "Shi ke nan, ku tafi, ni zan zauna da shi."

Yaya ya harare ni. "Ke dai kullum ke ce mai ɓata shiri. Wallahi ko duka a tafi ko a fasa." Sai ya juya wajen 'ya'yansa ya ce musu da Larabci an fasa tafiya, kakansu ya ce ba ya so.

Wannan abin da ya yi shi ne ban yafe ba har yau. Ya san inda Baba yake da rauni, can ya danna. Yaran suna jin Hausa amma ba sa mayarwa, suka rufu a kan tsohon suna ta "yalla ya jaddi, yalla ya jaddi", wato mu je kaka, ƙaramar cikinsu ta fashe da kuka a kan cinyarsa. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Wata safiya ina zuba masa shayi ya ce da ni, "Uwata, ke me kika gani?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ce, "Kada ka je, Baba."

Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce, "Yaran nan za su girma su ce kakansu ne ya hana su ganin duniya. Allah da ya tsare ni a ciki, shi zai dawo da ni."

Daga Jidda jirginmu zai tashi, don haka a mota muka bar gari. Da muka zo Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami a bakin gari, manyan motocin masu Umara sun cika wurin, mutane cikin fararen harami suna ta hawa. Baba ya juya gaba ɗaya a kujera yana kallon baya ta gilashi, bai juyo ba sai da duwatsu suka tare garin. Yaya yana tuƙi yana ba yara labarin cuku.

Ƙasar tana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, kyan nata ma shi yake ƙara mini haushi. A Amsterdam na ga gidajen nan sirara dogaye, wasu sun ɗan karkata sun jingina da juna. Masu keke ba sa kaucewa kowa, sai dai su kaɗa maka ƙararrawa ka yi ta kanka. Furannin da ake ta cika mana baki da su mun tarar lokacinsu ya wuce. Ƙauyen kwalekwalen kuwa, rabin mutanen da ke cikinsa 'yan ƙasarmu ne, ta ko'ina Larabci ke tashi, har na ce da Yaya da ya bar mu a gida ya zuba mana ruwa a tsakar gida. Baba yana biye da mu da rigar sanyi a kan jallabiya, ba ya ƙorafi. Shanunsu kaɗai suka ba shi dariya, ya ce waɗannan ba su taɓa sanin yunwa ba. Jakarsa kuwa bai taɓa kwashe ta ba, abin da zai sa kawai yake zarowa ya mayar da zif. Kullum da safe tambayarsa ɗaya ce, saura kwana nawa.

A Utrecht abin ya faru. Muna zaune a wani wurin shan shayi a gefen ruwa, yara suna jefa wa agwagi burodi, sai kofin ya suɓuce daga hannun Baba. Na ɗaga kai na ga bakinsa ya karkace gefe ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba.

A asibiti suka ce jini ne ya fashe a kansa, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, idonsa ma ya raunana. Mutanen sun yi aikinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Amma da muka ce a ba mu shi mu kai shi gida, likitan ya girgiza kai, ya ce in aka ɗora shi a jirgi a haka ba zai sauka da rai ba. Na ce da Yaya ya gaya masa mun ji, ko a hanya ne gara ya cika fuskarsa tana duban gida. Yaya ya ƙi fassarawa. A barandar asibitin na wanke shi tas, ban bar masa komai ba, Turawa suna wucewa suna kallonmu. Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Matarsa ta kwashi yara suka koma Madina, muka rage mu biyu da Baba.

Da ya fara farfaɗowa, maganarsa ta farko da muka gane ita ce, "Mun iso?"

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. "Mun iso, Baba. Muna asibiti a Madina."

Na ga yadda fuskar tsohon nan ta saki. Ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa, hawaye yana bin gefen da ke da rai. Wallahi ko da wuƙa a wuyana ba zan iya ƙaryata Yaya a lokacin ba. Likita ya riga ya gaya mana kada mu sa rai da yawa. Muka kalli juna ni da Yaya, ba mu yi shawara ba, muka ɗora daga nan.

Masu jinya ba su ba mu wahala ba, don a asibitocinmu ma baƙi ne da Turanci suke magana, kuma Baba inuwarsu kawai yake gani. Rana ce matsalarmu. A Holan da bazara rana ba ta son faɗuwa, ana sallar isha'i a Madina ita tana nan a sama abinta, kuma Baba ya sha mamakin wannan tun saukarmu. Saboda haka muka ja labule muka rufe tagar ruf, dare da rana. Yaya ya kama tashar Haramin Madina a wayarsa, wadda ake nunawa kai tsaye, duk lokacin salla ya ajiye ta can kusa da ƙofa ya rage murya, kamar daga nesa kiran yake shigowa. Baba ya ji, ya motsa leɓe yana amsawa, in yi masa taimama, ya yi sallarsa da ido. Wata rana har ya ce mini in ya ji sauƙi in kai shi Ƙuba ya yi raka'a biyu. Na ce in sha Allahu. A kwanakin nan na ga Baba cikin natsuwar da ban gan shi a ciki ba tun da muka bar gida.

Sai aka canza mai jinya. Wata doguwar mata ce mai fara'a, ba ta san komai ba, mu kuma ba mu yi tunanin gaya mata ba. Ta shigo daidai an fara kiran magariba a wayar Yaya, shi ya fita neman abinci, ni ina riƙe da hannun Baba. Ta dubi ɗakin ta yi wata magana tana murmushi, ina jin cewa ta yi duhun ya yi wa mara lafiya yawa. Kafin in miƙe ta kama labulen ta yaye shi gaba ɗaya.

Rana ta faɗo ɗakin, fara sol, kamar ta bayan la'asar. Ta sauka a kan gadon, ta sauka a fuskarsa. Ko makaho zai ji ta a fatarsa. Can wajen ƙofa kuma ladan yana ci gaba da kira.

Baba ya juya kai a hankali wajen tagar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Uwata, wannan kiran na wace salla ne?"

Na kau da kai.

"Na wace salla ne?"

Na ce, "Magariba, Baba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zare hannunsa daga nawa, da ƙyar, don ƙarfin bai kai ba. Ya ce, "Har da ke?" Matar tana tsaye tana duban fuskokinmu, ta ga ta yi wani abu amma ba ta san mene ne ba. Na tsane ta a ranar kamar in shaƙe ta, ko da yake na san ba ta da laifin komai. Da Yaya ya dawo ya ga labule a buɗe, ledar abincin ta faɗi daga hannunsa.

Baba bai sake tambayar ko mun iso ba. Da isha'i ta yi Yaya ya kai hannu zai kunna wayar, Baba ya ɗaga yatsa ya hana shi. Ya ce a duba masa lokacin sallar garin da muke ciki, da shi zai yi. Ya ce kuma a bar labulen a buɗe. Bayan wannan ba mu ƙara jin wata magana daga bakinsa ba sai salati. Ya cika da hantsi, ana yayyafi a waje, ni da Yaya muna gefensa.

Mutane sukan tambaye ni ko na yi nadamar ƙaryar. Ban yi ba. Da za a mayar da ni ɗakin nan, zan sake yi, sai dai wannan karon zan tsaya a jikin labulen.

A akwati ya dawo, a cikin jirgi ɗaya da mu, shi a ƙasa wajen kaya. Aka yi masa salla a Harami, maza suka wuce da shi maƙabartar Baƙi'a, mu mata muka tsaya daga waje tunda ba ma shiga. A zaman makoki duk wadda ta shigo sai ta ce ma sha Allah, ya samu Baƙi'a, ya dace. Muna amsawa da amin. Da yawansu sun san inda ya rasu, amma kowacce ta kama bakinta.

Gwaggo ce kaɗai ba ta sani ba. Yayar Baba ce, ita ta goya shi, tsufa ya cinye mata ido kuma ba ta fita, don haka an ɓoye mata tafiyar tun farko, aka ce mata yana asibiti ne kawai. Aka kawo ta a keken marasa lafiya, aka ajiye ta a tsakiyar mata. Ta ce a kira mata ni. Na durƙusa a gabanta, ta laluba ta kama kaina da hannu biyu.

"Ke kika yi jinyarsa. A ina ya cika?"

Matar Yaya ta yi caraf ta ce, "An rufe shi a Baƙi'a, Gwaggo, an yi masa salla a Harami."

"Ba inda aka rufe shi na tambaya ba."

Na gaya mata. Na ce a ƙasar Turawa ne, wani gari mai nisa, mun je yawon hutu. Hannuwanta suka yi sanyi a kaina, amma ba ta ɗauke su ba. Sannan ta sunkuyo ta rage murya.

"To shi ya sani? Ko hankalinsa ya riga ya gushe, yana zaton a gida yake?"

Matar Yaya tana ta ƙifta mini ido daga bayan keken. Kalma ɗaya ce, kuma babu mai ƙaryata ni, tsohuwar za ta koma gida da ɗan abin da za ta riƙe. Amma na gaji.

Na ce, "Ya sani, Gwaggo."

Ta sauke hannuwanta ta ɗora a cinya. Ta ce a mayar da ita gida, ba ta tsaya an yi addu'a ba.