Damanar Kongo

Ina aji biyar a makarantar firamare ta Difa lokacin da yayana ya tafi Kongo. Wasu ƴan kasuwar garin Maine ne suka ja shi, ya bar gonar tattasai a bakin kogin Komadugu, wadda babanmu ya rasu ya bar masa. A shekarar farko ya aiko da gaisuwa da turmin atamfa. Daga nan shiru, sai rediyo da ke cewa ana harbe-harbe a can.

Iya ta hana a taɓa gonar. Baffanmu ya nemi a ba shi ya riƙa nomawa kafin mai ita ya dawo, ta ce mai ita yana tafe, da rani zai iso idan hanya ta bushe. Rani ya zo, kogi ya ƙafe har yara na buga ƙwallo a cikinsa, bai iso ba. Iya ta daina cin abincin kirki, ta rame sai idanu.

A ranin nan ne malaminmu, wani dogon mutumin Dosso mai son jin muryarsa da muke kira Mushe, ya shigo aji rungume da ƙwallon duniya. Ya ɗaura masa zare a tsakiya, ya ce nan ne aka raba duniya biyu, arewa da kudu, mu muna sama. Ya ce idan muna rani, mutanen ƙasa suna damana. Na tambaye shi babban birnin Kongo, ya ɗora yatsa ƙasa da zaren.

Ko takalmi ban tsaya ɗauka ba, na ruga gida.

“Iya, ba ƙin zuwa ya yi ba! Can damana ake yi yanzu, ruwa ne ya tare shi. Mushe ya faɗi.”

“Sake faɗi, auta. A hankali.”

Na sake. Ta tashi ta ɗora tukunya, ranar ta ci har ta ƙara.

Har yau ina jin haushin ƙwallon nan. Iya ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta kama zancen ta kai shi inda malamin bai kai ba. Idan ruwansu ya ɗauke, namu ya sauko, hanyoyin Barno sun zama taɓo, wace mota za ta kawo shi? Idan namu ya ɗauke, nasu ya dawo. Da ƙwarya biyu take kwatanta wa maƙwabta, ɗaya kife a kan ɗaya, su ce Allah sarki, su fita suna taɓe baki. Ƙaya ta cinye gonar. Kowace shekara baffa sai ya zo ya yi faɗansa ya koma, mu kuma muna sayen tattasai a kasuwa kamar baƙi.

Ina gab da gama kwaleji wani daga cikin ƴan Mainen ya dawo. Wurin baffa ya fara zuwa, baffa ya zo da shi gidanmu. Mutumin ya zauna a bakin tabarma yana kallon ƙasa. Ya ce tun shekarar harbe-harben ne, harsashi ya sami yayana a ƙofar shago, su da kansu suka binne shi. Ya ce ya zaci labari ya iso tuni.

Iya ta yi salati, ta yi masa godiya, ta sa aka kawo masa ruwa. Sai da suka fita ta kira ni ɗaki, ta riƙe mini hannu da ƙarfi.

“Auta, su da ke ƙasan duniya, sun san inda gabas take? Kar a ce sun kwantar mini da shi yana kallon wani wuri.”

“Sun sani, Iya. Akwai masallatai a can.”

Ta ƙara matse mini hannu.

“Ka gani da idonka, ko shi ma Mushe ne ya faɗi?”

Ta sake ni, ta ce in je in gaya wa baffa ya ɗauki gonar.