Saƙona na ƙarshe ga Bazazzagi

A shekarata ta biyu a jami'a a Wudil aka haɗa ni ɗaki da wani Bazazzagi. Ni ɗan Utai ne, Bakano gaba da baya, don haka tun bai ajiye jakarsa ba na ce masa, "Bawana, share ƙarƙashin gadon nan." Ya ce shi bai taɓa ganin bawa yana aiken ubangidansa ba. Haka muka fara. Shekara biyu cur ban yi masa magana mai daɗi ko sau ɗaya ba, domin tsakanin Bakano da Bazazzagi tsokanar ita ce gaisuwar.

Yana koyon Sifaniyanci a waya, wai yana neman gurbin ƙaro karatu kan noman rani a Sifen. Ya yayyanka kwalin taliya yana rubuta jimloli a kai, ni kuma aikina in riƙe kwalayen ina tambayarsa. Ran Juma'a bayan la'asar muke yi, kusa da gada, da soyayyen kifi a takarda a tsakaninmu. Nakan ce masa mutumin da Hausarsa ma ba ta tsaya ba shi ne zai je ya ɓata wa mutane yarensu.

Wani sati darasin ya zo kan yadda 'yan makaranta a can suke faɗin wanda ya kwanta musu da wanda bai kwanta ba. "Me cae bien," in ji shi, wato jinina ya haɗu da wane. "Es buena gente," mutumin kirki ne. "Me cae fatal," ko ganinsa ba na so. Muka bi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya muna raba musu. Wani mai kai gulma wurin malamai ya sha fatal har sau uku.

Sai abokin nawa ya goge hannunsa, ya dube ni, babu dariya a fuskarsa.

"Me caes muy bien," ya ce, wato jinina ya haɗu da naka sosai. "Ka gane? Da kai nake."

Na gane sarai. Kunya ce ta rufe ni. A gidanmu ba a faɗin irin wannan. Mahaifina bai taɓa ce wa amininsa yana ƙaunarsa ba, sai dai ya aika masa da damin gero. Sai daga baya na fahimci abokina ya ari bakin wasu ne don da Hausa ba zai iya ba. Ni kuwa na ruga na ɓuya a bayan wasan kakanninmu.

"Me caes fatal, bawa," na ce, na ɗauke masa kan kifin.

Ya yi dariya, amma ba irin wadda na saba ji ba.

Da aka yi hutu ya tafi gida. Wata rana da hantsi ina gona ya turo mini saƙon murya, ya maimaita waccan jimla, ya ƙara da "hermano", wato ɗan'uwa. Na saurara sau biyu, raina ya yi fari ƙal. Sannan na rubuta masa amsar da na ba shi a bakin gada, na mayar da wayar aljihu, na ci gaba da shuka.

Bayan kwana biyar yayansa ya kira ni. Zazzaɓi ne, kwana biyu kacal, an riga an kai shi makwancinsa.

Na je ta'aziyya. Mahaifinsa yana zaune kan tabarma a ƙofar gida, na durƙusa na yi masa gaisuwa.

"Kai ne Bakanon?" ya ce. "Ashe bawanmu ne ya zo."

Ya so ya yi murmushi, ya kasa. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yarona, ba shi da zance sai naka." Na ce Allah ya jiƙansa.

Duk wanda na ba labarin sai ya ce ai marigayin ya san wasa nake. Na sani. Amma shi sau biyu ya ajiye wasan ya faɗi gaskiyarsa, ni ban ajiye ko sau ɗaya ba, kuma wannan yana ci mini rai.

Saƙona yana nan a wayata, da alama biyu masu launin shuɗi a gefensa, shaidar ya karanta. A motar dawowa Wudil na rubuta amsar da ta dace a ƙarƙashinsa, na tura. Alama ɗaya ce ta fito, kuma har yau ba ta zama biyu ba.