Ambulan Biyu a Durowar Titus Mai Ƙafa

In ka shiga asibitin ta babbar ƙofa, har ka gama yawonka ba za ka ga wurin aikin Titus ba. Sai ka zagaya ta bayan ɗakin wanki, ka wuce janareta, ka bar ɗakin ajiye gawa a hannun hagu, sannan ka tarar da wata rumfar kwano da aka yi wa bango. To nan ne. Shekara ashirin da uku yana ƙera ƙafar roba a wurin, da takalmin ƙarfe na yaran da shan-inna ta taɓa, amma har yau masinjoji kafinta suke ce masa. Kafinta fa! Mutumin da ya bar Kaltungo ya je ya shafe shekara uku yana karatun ƙashi da jijiya, ga takardar shaidarsa nan a bango, garin filasta ya rufe gilashinta.

Titus mutum ne mai zargi, kuma zargin nasa ya wuce misali. In ka gaishe shi da fara'a, hannunka zai fara duba ya ga me ka riƙo. Lambar da bai sani ba ba ya ɗauka, ko wayar za ta fashe. Matarsa Jane takan ce ko a cocinsu na unguwar Herwagana, ranar da fasto ya yabe shi a gaban jama'a, sai ya dawo gida yana tambayarta me ake shirin sa shi ya gyara.

Amma fa ba haka aka haife shi ba. Yana sabon zuwa aka taɓa kawo masa ambulan daga babban ginin asibitin, wai ana nemansa a taron shugabannin sassa. Jane ta goge masa riga, ya rubuta abin da zai faɗa a takarda. Da ya isa, ashe kujerun ɗakin taron ne suke rawa. Ambulan na biyu takardar tuhuma ce. Wani likita ya bar tsinin ƙashi a dungun ƙafar wani tsoho da ya yanke, wurin ya yi gyambo, aka rubuta cewa ƙafar da Titus ya ƙera ce ta ci masa nama. Tun daga ranar ya yanke hukunci. Duk ambulan da ya fito daga babban gini, durowa zai jefa shi ba tare da ya buɗe ba. Yakan ce, "Mai magana da ni ya tako da kansa."

Kafin ya ƙera wa mutum ƙafa, sai ya naɗe dungun da filasta ya ɗauki siffarsa, ya fitar da wani farin gunki daidai da abin da wuƙar likita ta bari. In aiki ya ƙare yakan farfasa gunkin ya zubar. Amma wanda ya ga an yi wa yankan ganganci ba ya fasawa. Sai ya rubuta sunan mai shi da shuɗin fensirinsa, ya ɗora shi a kan wata kanta da ke jikin bango. Shaidunsa yake ce musu. Masu shara ba sa son shiga ɗakin saboda su.

Na ƙarshe a jerin shi ne na Matiyu, magini, ɗan cocinsu. Ya faɗo daga kan gini, aka kai shi wurin mai ɗori, ƙafar ta ruɓe, aka kawo shi asibiti aka yanke ta sama da gwiwa. Wannan ya ƙona wa Titus rai ƙwarai, don shi a wurinsa gwiwa ita ce komai. A bar masa gwiwa da taƙi guda a ƙasanta, zai mayar da magini kan tsani. In gwiwa ta tafi kuwa, tafiya ma sai da dabara. Yanzu Matiyu yana zaune a bakin titi a Herwagana yana sayar da katin waya a kan teburi. Duk sanda Titus ya dubi gunkinsa sai ya ja tsaki ya ce, "Da sun tambaye ni!"

Wata Talata da safe yana goge wata ƙafa sai ya ji sallama. Wata matashiya ce da farar riga a kan hijabi, tana taka garin filasta da takalminta mai kyau.

"Sannu da aiki, Baba Titus. Ni ce Dakta Sadiƙa, ta sashen ƙashi."

Ya dubi hannuwanta. Ba ta riƙo komai ba, wannan kuwa ya fi tayar masa da hankali.

"Likita, in kujera ce, na daina."

"Ba kujera ba ce. Ina da mara lafiya a ɗakin mata, gobe za mu yanke mata ƙafa. So nake ka zo ka gan ta kafin mu yanke. A watannin baya na aiko maka sau biyu, ban ji daga gare ka ba, shi ya sa yau na zo da kaina."

Titus ya ce a ransa, ga shi nan kuwa. Tun ba a je ko'ina ba an fara ɗora masa laifi. Wai ta aiko! Ko dai baƙi ne za su zo duba asibiti ana neman abin nuna musu, ko kuma aiki ne da suka san zai ɓaci suna neman wanda za su rataya wa. Shekara ashirin da uku ba a taɓa tambayarsa ba, sai yau? Ya ajiye abin gugar.

"Zan zo. Amma duk abin da na faɗa, ni zan rubuta shi a fayil ɗinta da hannuna, ke kuma ki sa hannu a ƙasa."

Ya zaci a nan za ta juya, don ba a taɓa jin wani daga rumfar baya ya taɓa fayil ɗin mara lafiya da alƙalami ba. Sai ta ce, "To, mu je."

A ɗakin mata nas-nas suka bi takalminsa da kallo. Mara lafiyar Ya Aisa ce, mutuniyar Bama, wadda rikici ya koro shekaru goma da suka wuce, ta zauna a unguwar Bagadaza tana haɗa turaren wuta da humra. Ciwon suga ya cinye mata yatsu ya hau tafin ƙafa. Ko a kan gadon ƙamshin turare bai rabu da mayafinta ba. Ta ƙare wa Titus kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan kuma wane ne? Ban ga farar riga ba."

Dakta Sadiƙa ta ce, "Shi ne zai yi miki ƙafa, Ya Aisa."

"Af! Mai sayar da ƙafa kuka kawo ya nuna muku inda za a yanka? Ai sai ya ce ku yanke duka biyun."

Wallahi nan take Titus ya ji matar ta kwanta masa. Da shi ne a kan gadon, abin da zai faɗa ke nan. Ya jawo kujera ya zauna.

"Mama, kina da gaskiya, ki ci gaba da sa mini ido. Amma ki faɗa mini, a zaune kike salla ko a tsaye?"

"Ina ruwanka da sallata?"

"Ruwana gwiwarki. Da ita kike sujada, da ita kike zaman tahiya. A kan me kike zama in kina soya turare?"

"Kujera 'yar tsugunne."

"Banɗakin gidanku fa, na tsuguno ne?"

Ta juya wurin likita ta ce, "Ke 'yar nan, mutumin nan ba shi da kunya." Amma ta amsa masa duka, ɗaya bayan ɗaya, tana hararar sa.

Suka koma gefe, Dakta Sadiƙa ta faɗa masa damuwarta. In aka yanke sama da gwiwa, ciwon zai warke ba shakka, kuma babban likitansu can ya fi karkata. In aka yanke ƙasa, jinin da ke zuwa wurin kaɗan ne, yana iya ƙin warkewa a sake komawa tiyata. Ita a ganinta akwai dama, amma ba ta san ko ɗan abin da za ta iya bari zai isa a ɗora masa ƙafa ba.

Titus ya koma ya nemi izinin Ya Aisa, ya bi ƙwaurinta da bayan hannunsa a hankali har inda ɗumi ya fara raguwa. Ya auna da taƙinsa daga gwiwa.

"Likita, ko zai warke ko ba zai warke ba, ke kika sani, ba ni ba. Amma in kika bar mini zuwa nan, kika goge bakin ƙashin kada ya yi tsini, kika juyo da naman baya ya rufe shi, matar nan za ta tsuguna."

Ya jiƙa bakin shuɗin fensirinsa ya zagaye ƙafar da layi. Sannan ya karɓi fayil ya rubuta. Dakta Sadiƙa ta sa hannu a ƙasa da wani rubutu mai kwanciya gefe guda.

Ya Aisa ta leƙa layin ta ce, "Malam, in na farka ban ga gwiwata ba, ka san ni da kai ne."

"Mama, in kika farka ba ki gan ta ba, ni da su ne."

Washegari ba a bar shi ya shiga ɗakin tiyata ba, dama bai sa rai ba. Ya zauna a benci cikin 'yan uwan marasa lafiya, yana ta saƙe-saƙe. Ai layin fensir ne kawai, auduga ɗaya da sifirit ta isa ta share shi. Babban likita zai shigo ya ce wane kafinta ne ya yi wa mara lafiya zane, a yanke sama. Takardar da ya rubuta kuwa, cire ta daga fayil ba wuya. Har ya fara tunanin inda zai ɗora gunkin Ya Aisa a kantar, kusa da na Matiyu.

Bayan azahar aka turo ta a gadon ƙarfe, tana barci. Bai dubi fuskarta ba, bargon ya duba. Ga tudun gwiwa ɗaya, ga na biyu kusa da shi. Ya bi gadon har ƙofar ɗakin mata yana sake dubawa, sai da wata nas ta ce, "Baba, lafiya?"

Ko da haka bai saki jiki ba. Kwana goma sha huɗu yana zuwa wurin wankin ciwo, yana jiran ranar da zai yi ruwa a ce ai shawarar mutumin rumfa ce. Ciwon ya kame. Ranar da aka cire zare, Ya Aisa ta lanƙwasa gwiwar ta miƙe, ta sake lanƙwasawa, ta ce masa, "Ban yarda da kai ba tukuna. Sai na ga ƙafar." Ya ce hakan ya yi masa daidai.

Ya koma rumfarsa ransa fes, rabon da ya ji haka har ya manta. Ya jawo durowa zai ɗauko tef ɗin awo, sai ga tulin ambulan ɗin nan sun yi jawur da ƙura. Biyu na sama rubutunsu ya kwanta gefe guda. Ya san rubutun. Ashe ba ƙarya ta yi ba.

Ya zaro su, ya yage na farko.

"Baba Titus, barka da aiki. Ni sabuwa ce a nan, an ce kai ne mai yin ƙafa. Muna da mara lafiya a ɗakin maza, gado na tara, Matiyu, magini. Muna shakka ko mu yanke sama da gwiwa ko ƙasa. Don Allah ka zo mu duba tare. Na kira wayarka ba a ɗauka ba."

Na biyu layi biyu ne kacal. "Baba Titus, maganar Matiyu ce. Ba za mu iya wuce Alhamis ba."

Ya ɗaga kai ya dubi kantar. Ga gunkin nan a ƙarshen layi, da sunan da ya rubuta da hannunsa. Wata huɗu yana tsinewa likitoci a kan wannan ƙafar, alhali takardar tana nan ƙasa da gwiwar hannunsa, inda yake jingina kullum in yana shan shayi. Ko da ya je, wataƙila da ba a iya ceton gwiwar ba. Ya faɗa wa kansa haka har sau uku, bai ji sauƙi ba ko kaɗan. Ya sauke gunkin daga cikin shaidu ya ajiye a kan teburinsa, ya sa ambulan biyun a aljihu, ya kulle rumfa tun la'asar ba ta yi ba.

Keke ya sauke shi a bakin titin Herwagana. Yana iya bi ta bayan coci ya shige gida ba wanda ya gan shi, har ma ya fara juyawa, sai ya fasa. Matiyu yana nan a teburinsa ƙarƙashin lema, ya miƙe ƙafar robar a gefe, sandarsa a jingine. Da ya hango shi sai ya washe baki.

"Oga Titus! Labari ya iso mu. An ce yanzu likitoci sai sun kira ka kafin su yanka. Kai, Allah ya ɗaga ka! Da ma tun lokacina suka fara, da yanzu ina kan gini."

Titus ya jawo bencin masu saye ya zauna. Ya ciro ambulan biyun ya ɗora a kan katunan waya, ya tura su gaban Matiyu.

Ya ce, "Sun kira ni, Matiyu. Ni ne ban buɗe ba."