Badaru Ya Haɗa Farantai

Badaru tela ne, maƙwabcina a Zongon Kwatano a shekarun juyin juya hali. Duk Asabar yakan ja mu cikin gari, mu ci abinci, mu wuce wajen kiɗa.

Wata Asabar muka tafi gidan abinci da Arzika, baƙonsa daga Nijar. Aka kawo wa kowa farantinsa da cokali mai yatsu. Kunya ta hana Arzika ci.

Badaru ya kira mai rabon abinci da laƙabin 'yan juyin juya hali. "Kamarad, kawo babban tire." Ya juye abincinmu duka a ciki.

"Ba a yin haka a nan," in ji mutumin.

"Ai gwamnati ta ce komai tare za a yi. Bisimilla, Malam Arzika."

Arzika ya wanke hannu, ya matso. Sai da aka ƙaro shinkafa.